Kolajin na Kifi a Kayan Gyaran Fata: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya yanzu mutum ya shiga shagon kayan kwalliya, ko ya leƙa shafukan masu sayar da man shafawa a Instagram da WhatsApp, bai ci karo da kalmar kolajin ba. Ga na shafawa, ga sabulu, ga gari na kaɗawa a shayi, kuma wanda ya fi tashe shi ne wanda ake cewa daga kifi aka samo shi. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, alkawuran da ake yi a kansa kuwa sun fi kuɗin yawa. Abu ne mai amfani, amma amfanin yana da iyaka, kuma iyakar ce masu talla ba sa faɗa. Yawancin masu tambaya mata ne, shi ya sa amsoshin suka fi fuskantar su, sai dai fatar namiji ma haka take aiki.

Mene ne kolajin, kuma me ya haɗa shi da fata?

Furotin ne da jiki ke ƙerawa da kansa, kuma babu furotin da ya kai shi yawa a jikin ɗan Adam, domin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin ɗin jiki. Yana cikin fata da jijiyoyi da ƙashi da guringuntsi, har da bangon hanyoyin jini. An gano iri 28, amma wanda ya fi yawa a fata shi ne iri na ɗaya, sai na uku ya biyo baya.

Ƙirarsa tamkar igiya ce mai tufka uku: silili uku na amino asid, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, sun murɗe da juna, murɗewar ce ke ba shi ƙarfi. Masana biyu ne a birnin Madras na Indiya, G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha, suka bayyana wannan ƙira a tsakiyar shekarun 1950.

Fata hawa-hawa ce. Ta saman da ido ke gani babu kolajin ɗin da ake magana a cikinta. Yana can a hawa na ƙasa, inda wasu ƙwayoyin halitta da ake kira fiburobilas ke saƙa shi dare da rana. Idan aka cire ruwa, fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan hawa kolajin ne. Daga lokacin da mutum ya mallaki hankalinsa ya girma, yana rasa wajen kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara. Ga mata kuma akwai gagarumar raguwa bayan ɗaukewar al'ada, wadda kan kai kusan kashi 30 cikin ɗari a shekaru biyar na farko. Abin da ke sa kumatu su saki ke nan, fata ta yi sirara, tamoji ya bayyana.

Me ake nufi da feftayid na kolajin?

Kolajin ne da aka gutsuttsura. Duk wadda ta taɓa ajiye farfesun ƙafar saniya ya kwana, ta wayi gari ta tarar da romon ya daskare yana rawa a cikin tukunya, ta riga ta ga matakin farko da idonta. Zafi ya warware tufkar kolajin ɗin da ke cikin fata da jijiya, ya narke cikin ruwa, da ya huce sai ya kama jikinsa. Wannan shi ake kira jelatin.

A masana'anta ana ƙara mataki ɗaya. Bayan an wanke fatar kifi ko ɓawonsa, an jiƙa a ruwan sinadari don cire maiƙo da sauran tarkace, an dafa an tace jelatin, sai a zuba enzayim, wato sinadarin da ke yanka furotin gunduwa-gunduwa. Akwai wanda ake samowa daga bakteriya, akwai na gwanda, akwai na abarba. Daga nan a sake tacewa, a bi da shi ta cikin gawayi na musamman don rage ƙarni, a busar ya zama gari. Garin fari ne ko ruwan madara, mara nauyi, yana narkewa ko a ruwan sanyi, kuma ba ya daskarewa. Idan kika jiƙa ɗan kaɗan kika murza tsakanin yatsu, za ki ji santsi da farko, yana bushewa kuma sai ya ɗan yi danƙo. Ki riƙe wannan danƙon a rai, domin shi ne yawancin aikin da yake yi a kan fuska.

Me ya sa aka koma wa kifi, alhali ga saniya?

Shekaru da yawa daga fatar alade da fatar saniya da ƙasusuwanta ake samun jelatin da kolajin, kuma har yau su ne suka fi yawa a kasuwar duniya. Abin da ya girgiza harkar shi ne cutar haukan shanu, wadda aka gano a Birtaniya a 1986. A 1996 gwamnatin ƙasar ta sanar cewa mai yiwuwa tana da alaƙa da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa a jikin mutane. Nan da nan kamfanonin kayan kwalliya, musamman a Turai da Japan, suka fara gudun duk abin da ya fito daga saniya.

Ga kuma batun addini. Musulmi da Yahudawa ba sa son na alade, mabiya addinin Hindu da yawa ba sa son na saniya. Kifi ya kauce wa yawancin wannan.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Masana'antun da ke fere tsokar kifi zalla don sayarwa suna barin kusan rabin nauyin kifin, wani lokaci fiye, a matsayin kai da ƙaya da fata da ɓawo. Da can zubarwa ake yi ko a niƙa a ba dabbobi. Yanzu fatar karfasa, da ta kifin kod da salmon na tekunan sanyi, da ta wani dangin tarwaɗa da ake kiwo a Biyetnam, duk sun zama dukiya.

Idan na shafa shi, zai shiga cikin fata ya maye gurbin wanda na rasa?

A'a. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, don haka bari a tsaya a kanta.

An halicci saman fata ne don ya hana abubuwa shiga. Hawa ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera kan juna, maiƙo ya cike tsakaninsu, kuma duk da bai kai kaurin takarda ba, shi ne ke sa mu yi wanka da sabulu ba tare da sabulun ya shiga jini ba. A shekarar 2000 likitocin fata biyu a Amstadam ta ƙasar Holan, Jan Bos da Marcus Meinardi, suka fito da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: abin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500, da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Dalton ma'auni ne na nauyin ƙwayar sinadari.

To sai a duba lissafi. Bitamin C dalton 176 ne. Retinol, wani nau'in bitamin A da ake sa wa a man shafawa, 286. Cikakken kolajin kuwa wajen dalton 300,000 ne, wato ya ninka iyakar sau 600. Wanda aka gutsuttsura yakan kama daga 2,000 zuwa 5,000, har yanzu dai ya yi girma. Akwai kamfanonin da ke ƙara yankawa har wani kaso ya sauko ƙasa da 500, amma a nan ma akwai wani shinge: waɗannan gutsattsarin ruwa suke so, ba maiƙo ba, hanyar shiga fata kuwa ta cikin maiƙo take. Kaɗan ne ƙwarai ke wucewa.

A ce ma ya wuce ɗin. Jiki ba ya ɗaukar gutsuren kolajin na kifi ya liƙa a inda nasa ya yage. Fiburobilas ne ke haɗa sabon kolajin tun daga tushe, amino asid ɗaya bayan ɗaya, a cikin cikinsa, sannan ya fitar da shi waje a jera. Duk tallar da ta nuna miki hoton ɗigon mai yana nutsewa cikin fata yana cike ramuka, zane ne na kwamfuta.

Ke nan ba shi da wani amfani a man shafawa?

Yana da shi. Gutsattsarin kolajin suna kama ruwa su riƙe, kuma idan suka bushe suna barin wani siririn lulluɓi a kan fata. Wannan lulluɓin ne ke sa a ji fuska ta yi laushi, ta ɗan ɗame, ƙananan layukan da bushewa ke jawowa su lafa. Ba ƙarya ba ce idan mace ta ce ta ga canji washegari. Ta gani. Sai dai ruwa ne ya cika saman fatar, kuma da an wanke fuska, ko an daina shafawa kwana biyu, sai a koma gidan jiya. A sabulu da man wanke gashi ma yana rage kaifin kumfa, ya sa gashi ya yi santsi a hannu.

Ga mazauna inda ake hunturu akwai abin lura. Lokacin da iska ta bushe har mutum ya ja farce a ƙwaurinsa ya ga farin layi ya fito, mai jan ruwa shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin babu danshi a iskar da zai jawo, kuma wanda ya riƙe ma guduwa yake yi. Ki shafa shi fata tana da sauran lema bayan wanka, sannan ki bi da abin da zai rufe, kamar man kaɗanya ko basilin. Kuma gaskiyar magana, gilisirin, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana wannan aiki na jan ruwa, kuma an fi yin bincike a kansa.

Amma na karanta cewa feftayid yana zaburar da fata ta ƙera nata kolajin. Ƙarya ce?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ana cakuɗa abubuwa biyu. A ɗakin gwaji, idan aka zuba wasu gutsattsarin kolajin kai tsaye a kan fiburobilas da ke cikin faranti, sukan ƙara kuzari. Ana ganin kamar suna ɗaukar gutsattsarin a matsayin alamar cewa an yi ɓarna, a zo a gyara. To amma a cikin faranti babu shingen saman fata.

Saboda haka ne wani kamfanin Faransa mai suna Sederma ya ɗauki wani gutsure mai amino asid biyar, ya ɗaura masa jelar maiƙo don ya iya ratsawa, ya fito da shi da sunan Matrixyl a wajajen shekarar 2000. Wannan haɗa shi ake yi a ɗakin gwaji, ba daga kifi yake ba, kuma ko shi tasirinsa matsakaici ne. Bai dace a ɗauki sakamakonsa a jingina wa garin fatar kifi ba.

Na sha fa? An ce shi ya fi aiki.

A nan muhawarar ta fi zafi. Duk furotin da aka haɗiya, ciki da hanji narkar da shi suke yi su mayar da shi amino asid, jiki ya rarraba inda ya ga dama. Babu mai ba da tabbacin cewa fuska za a kai. Sai dai a 2005 masu bincike a Kiyoto ta Japan sun nuna cewa bayan an sha gutsattsarin kolajin, wasu ƙananan guntaye masu amino asid biyu suna tsallakewa cikin jini ba tare da sun wargaje ba. Wannan ya buɗe ƙofar cewa wataƙila suna kai saƙo ga fiburobilas.

An yi gwaje-gwaje da dama a kan mutane, galibi ana ba da giram 2.5 zuwa 10 a rana na tsawon mako 8 zuwa 12. Wani nazari na 2021 da ya tattara gwaji 19 masu ɗauke da mutum 1,125, kusan dukkansu mata, ya sami ƙarin danshi da ɗamewar fata da raguwar tamoji. Masu talla sun yi ta yawo da wannan. Amma a 2025 wasu masana daga Koriya ta Kudu suka tattara gwaji 23 na mutum 1,474, suka ware su gida biyu. Gwaje-gwajen da kamfanoni suka biya kuɗinsu sun nuna amfani. Waɗanda ba kamfanoni suka biya ba, ba su nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Haka kuma da aka ware masu inganci sosai, amfanin ya ɓace. Tun a 2013 ma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da iƙirarin wani kamfani cewa kolajinsa na inganta fata, domin hujjar ba ta gamsar ba.

A ganina, wadda take da hali kuma take son gwadawa, babu laifi ga mai lafiya. Amma wadda za ta rage kuɗin ƙwai da wake da kifi na cefanen gida don ta sayi gwangwanin gari, ta yi asara. Kolajin ba cikakken furotin ba ne, domin babu amino asid ɗin da ake kira tiriftofan a cikinsa, don haka ba ya maye gurbin abinci.

Na kifi ya fi na saniya aiki?

Dukansu yawanci iri na ɗaya ne, kuma bayan an gutsuttsura su bambancin kaɗan ne. Girman gutsuren ya dogara ne da yadda aka sarrafa, ba da dabbar ba. A zaɓi na kifi don addini ko kwanciyar hankali, wannan dalili ne mai ƙarfi da ya isa shi kaɗai.

Halal ne?

Shi kifin ba a jayayya a kansa. Ba ya buƙatar yanka, kuma hadisi ya tabbata game da teku cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Inda ake buƙatar sa ido shi ne abin da aka haɗa da shi. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake amfani da su wajen ciro kolajin, wato fefsin, galibi daga tumbin alade ake samo shi. Kamfanoni da yawa na amfani da na bakteriya ko na tsirrai, amma ba kowa ke rubutawa ba. Idan kuma ƙwaya ce ta haɗiya, garin ciki na iya zama na kifi, kwanson waje kuma jelatin ɗin alade ko na saniyar da ba a san yankanta ba. Akwai kuma masu gauraya na kifi da na saniya don rage tsada.

Mafita ita ce a nemi tambarin halal na hukumar da aka sani, irin su JAKIM ta Malesiya ko hukumomin Indonesiya, ko a tambayi kamfanin kai tsaye. Hukuncin abin da ya sauya kama bayan sarrafawa kuwa, wannan fagen malamai ne, kuma sun yi saɓani a kai.

Jikina ba ya karɓar kifi. Zan iya shafawa?

Kada ki shafa, kada ki sha, sai da izinin likita. Furotin ɗin da ya fi jawo borin jini a kifi a tsoka yake, amma tun farkon shekarun 2000 masu bincike a Japan suka tabbatar cewa shi kansa kolajin ɗin kifi yana tayar wa wasu.

Akwai wani haɗari da ba a cika sani ba. Fatar da take a tsattsage, mai yawan ƙaiƙayi, irin ta masu egzima, shingenta a buɗe yake. Idan ana yawan shafa mata furotin na abinci, jiki na iya ɗaukarsa abokin gaba, ranar da aka ci wannan abincin sai ya yi bore. An ga haka ƙarara a Japan, inda wani sabulun wanke fuska mai ɗauke da gutsattsarin furotin ɗin alkama ya sa mutum sama da 2,000 suka kamu da rashin jituwa da alkama, har aka janye shi daga kasuwa a 2011. An kuma ba da rahoton irin haka da kolajin na kifi, ko da yake ba da yawa ba. Saboda haka kada a shafa shi a kan rauni, ko fatar da ta saɓule, ko jikin jariri mai ƙuraje.

Ga kowa da kowa, a fara gwada ɗan kaɗan a cikin dantse na kwana biyu ko uku. Idan kuwa bayan sha aka ji leɓe ko harshe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, asibiti za a nufa nan take.

Yana sa haske?

Ba ya yi. Launin fata daga sinadarin melanin yake, kolajin ba ruwansa da shi. Fatar da ta sha ruwa tana sheƙi, shi ke nan.

'Yar'uwa, idan kika sayi man da aka rubuta kolajin a jikinsa, kika ga cikin mako biyu kin fara fari, to akwai wani abu a ciki da ba a faɗa miki ba. Galibi ɗayan uku ne: sitiroyid, ko haidurokwinon, ko zaiba. Abin baƙin cikin shi ne sitiroyid, irin wanda za ki ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone a jikin kwalinsa, aikinsa a fata shi ne ya hana fiburobilas ƙera kolajin. Wato kin biya kuɗi don ƙarin kolajin, an ba ki abin da ke cinye wanda Allah ya ba ki. Alamunsa sanannu ne: fata ta yi sirara har korayen jijiyoyi su fito a cinya da bayan hannu, nankarwa mai faɗi ja-ja ta tsage a hammata da dantse, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Likitocin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata.

Hukumar NAFDAC ta haramta sitiroyid da zaiba a kayan kwalliya, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haɗin da ake ɗurawa a roba ba suna ba lamba, ana cewa na gargajiya ne zalla, shi ya fi zama abin tsoro, domin babu mai iya gaya miki abin da ke ciki. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan kada ta yanke rana ɗaya, fatar na iya yin bore. Ta ga likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Zai goge nankarwa da tabo?

Nankarwa yagewa ce a hawa na ƙasa, inda mai ba ya kaiwa. Yana iya rage ƙaiƙayi da bushewa kawai. Tabon da ya yi tudu yana ƙara girma, wanda ya fi yawa a baƙar fata, shi ma kolajin ne ya yi yawa a wurin, ba ƙaranci ba. Mai irin wannan jiki ta guji na'urar nan mai ƙananan allurai da ake gangarawa a fuska don wai a tura kolajin ciki.

Mai juna biyu ko mai shayarwa fa?

Shafa shi a lafiyayyar fata ba a san shi da matsala ba, amma a duba sauran abin da ke cikin man, musamman retinol da danginsa, waɗanda ba a so mai ciki ta yi amfani da su. Na sha kuwa, a fara tambaya a wajen awo.

Yaya zan gane mai kyau idan na ɗauki kwalba?

Ki juya bayanta, ki bar gaban. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin ɗari ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Sunan da za ki nema shi ne Hydrolyzed Collagen, wato wanda aka gutsuttsura, ko Soluble Collagen, wanda bai gutsuttsuru ba. Idan kika gan shi can ƙarshe, bayan turare da sinadaran hana lalacewa, to ɗigo ne aka sa don a sami damar rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Waɗannan sunaye kuma ba sa nuna dabbar da aka samo shi, sai in an ƙara rubuta Fish ko Marine.

Ki duba lambar rajistar hukumar ƙasarku, da ranar lalacewa, da adireshin kamfani. Ƙarni kaɗan a garin sha ba laifi ba ne, amma wari mai ƙarfi ko dunƙulewa alama ce ta danshi ya shiga. Ga na sha, kamfanin kirki yakan nuna takardar gwajin da wani ɗakin bincike mai zaman kansa ya yi kan dalma da zaiba. Ko a Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta a tantance irin waɗannan kayan ƙarin abinci kafin a sa su kasuwa ba, don haka rubutun "an yi a Amurka" ba shaida ba ce.

Zafi ma abin lura ne. Kolajin na kifin tekun sanyi kamar kod yana warwarewa tun a wajen digiri 15, na karfasa kuwa sai an haura 30. Wanda aka riga aka gutsuttsura wannan bai dame shi ba, amma man da ke ɗauke da shi yana lalacewa a rana. Kada a bar shi a mota ko bakin taga.

Wanda ake kira kolajin na tsirrai kuma, a sani tsiro ba ya yin kolajin. Ko dai wani furotin ne daban, ko kuma wanda aka sa ƙwayoyin yis suka ƙera a masana'anta.

To me ke kare kolajin ɗin fata da gaske?

Na farko, rage dukan rana. A 1996 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa hasken rana, ko bai kai ga ƙona fata ba, yana tayar da sinadaran da ke yayyanka kolajin. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, aka tarar masu shafa man kariya daga rana kullum sun fi sauran ƙarancin alamun tsufan fata da kashi 24 cikin ɗari. Fararen fata ne aka gwada, kuma baƙar fata tana da kariyarta ta halitta, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana. Namu tsufan ya fi fitowa a dabbare-dabbaren launi, wanda shi ma rana ke ƙara shi. Inuwa, malafa, lema, mayafi, duk suna cikin lissafi.

Na biyu, bitamin C. In babu shi, tufkar kolajin ba ta kamawa, shi ya sa matuƙan jiragen ruwa na da, da suke watanni ba ɗanyen abu, dasashinsu ke zubar da jini, tsofaffin raunukansu su buɗe. Lemo, gwaiba, tattasai, garin ƙwame na kuka, duk suna da shi. Sai barin taba da shisha. Sai kuma maganin tiretinoyin, wanda aka tabbatar tun shekarun 1990 cewa yana farfaɗo da ƙera kolajin a fatar da rana ta lalata. Shi magani ne, yana iya sa fata ta yi ja ta bar baƙin tabo idan aka yi gaggawa, don haka a bar likita ya tsara.

Ana yin allurarsa?

An taɓa yi da na saniya, wanda Amurka ta amince da shi a 1981, kuma sai an yi gwajin fata tukuna saboda yana tayar wa wasu. Yanzu wasu sinadarai sun maye gurbinsa. Garin kolajin na kifi ko ruwan shafawarsa ba na allura ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya ce zai ɗura miki shi a jijiya a shagon gyaran jiki, ki tashi ki bar wurin.

Na ga ana liƙa fatar kifi a kan ƙuna. Abu ɗaya ne?

Dangi ne, amma aikin daban. A birnin Fortaleza na Burazil, wani likita mai suna Edmar Maciel da abokan aikinsa sun fara rufe ƙuna da fatar karfasa a tsakiyar shekarun 2010. Fatar tana manne wa raunin, ta riƙe danshi, ta rage yawan sauya bandeji da azabar da ke tattare da shi. A Aisilan kuma kamfanin Kerecis yana sarrafa fatar kod don raunukan da suka ƙi warkewa, har kamfanin Coloplast na Denmak ya saye shi a 2023 kan kuɗin da aka ce zai iya kai dala biliyan 1.3. A nan kolajin yana aiki ne domin babu shingen fata, rauni a buɗe yake.

Amma wannan fata an bi da ita matakai na kashe ƙwayoyin cuta kafin ta taɓa majiyyaci. Kada wani ya ɗauko fatar kifi daga kasuwa ya ɗora wa yaro a ƙuna. A zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti.

Muna da kifi a Yawuri da Baga da Haɗeja. Zan iya haɗa nawa a gida?

Idan kika tafasa fatar kifi da kansa kika tace, jelatin za ki samu, ba feftayid ba. Ruwan furotin ne da babu abin hana lalacewa a cikinsa, kuma a zafinmu kafin kwana ɗaya ƙwayoyin cuta sun mamaye shi. Shafa shi a fuska neman ƙuraje ne. Ki zuba masa kayan yaji ki sha romonki, ya fi miki amfani.

Ga masu tunanin sana'a kuwa, harkar tana tsayuwa ne a inda ake da manyan masana'antun fere kifi, masu tara fata tan-tan a wuri ɗaya cikin sanyi. Mu tarwaɗa da karfasa da fatarsu muke ci, ko a banɗa su ɗungurungum, don haka fatar ba ta ragowa. Abin da ke zubewa a kasuwanninmu shi ne ɓawon karfasa da na giwan ruwa, kuma ɓawo yana da kolajin sosai. Kafin ya zama abin sayarwa sai an sami hanyar tattara shi da tsabta tun bai fara wari ba, da wutar lantarki mai ɗorewa don sanyaya shi, da ɗakin gwajin da zai tabbatar babu dalma ko ƙwayoyin cuta a cikin garin da aka fitar.